BA A YANKA SHARI'A ƊAYA SAU BIYU: GARGAƊI GA NAƘASASSUN MA'AIKATA

Wannan shi ne jawabin da mataimakin editan wannan shafi ya yi a gaban wani taron 'yan Arewa mazauna Ikko, inda aka tattauna halin da naƙasassun ma'aikata ke ciki. Mun buga shi dukansa saboda waɗanda ba su sami halarta ba, musamman 'yan'uwanmu na Badun da Anacha da Fatakwal.



Na gode da wannan dama da aka ba ni in tsaya gaban manya. Tun da fari bari in shaida muku cewa ni ba lauya ba ne. Aikina shi ne gyaran labarai kafin a kai su maɗaba'a. Amma labarun kotu ta kan teburina suke bi, kuma a cikinsu akwai iri ɗaya da ke ɓata mini rai duk lokacin da na karanta, watau labarin mutumin da aka zalunta, yana da gaskiya, amma alƙali ya ƙi ko sauraronsa domin wai ya taɓa kawo maganar an yanke. A kan wannan zan yi magana yau, musamman yadda abin ya shafi naƙasassu, ko masu buƙata ta musamman kamar yadda ake kiransu yanzu, waɗanda aka kora daga aiki ko aka ƙuntata musu saboda lalurar da Allah ya ɗora musu.

Maganar ta shafe mu ƙwarai. Mu ne masu gadi a Ikoyi da Lekki, mu ne masu dako a Apapa da Mile 12, 'ya'yanmu ne ke tsaye gaban injuna a masana'antun Ikeja da Agbara. Mutum yakan fita gida da safe da hannu biyu, la'asar ta same shi a asibiti da hannu ɗaya. In ya warke ya koma, sai ya tarar an ɗauki wani a gurbinsa.

ABIN DA DOKA TA BA NAƘASASSHE

Kafin mu zo ga iyakar ƙara, ya kamata mu san haƙƙin da ake ƙarar a kansa. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wariya ga naƙasassu, wadda ake kira dokar 2018. Sashe na 1 ya haramta wa kowane mutum ko hukuma nuna wa wani bambanci saboda naƙasarsa. Kamfanin da aka kama da laifin zai biya tarar Naira miliyan 1, mutum kuwa Naira 100,000 ko ɗaurin wata 6, ko duka biyu. Sashe na 28 ya ce naƙasasshe yana da haƙƙin yin aiki daidai da kowa, kuma kamfanin da ya tauye masa wannan haƙƙi zai biya shi abin da bai gaza Naira 500,000 ba. Sashe na 29 ya umurci ma'aikatun gwamnati su keɓe wa naƙasassu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Jihar Ikko ma tana da tata dokar tun 2011, da ofishin da ke kula da ita wanda ake kira LASODA.

Wurin kai irin wannan ƙara shi ne Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. An kafa ta a 1976, sa'an nan gyaran tsarin mulki na uku, wanda ya fara aiki a 2011, ya ɗaga darajarta ya kuma ba ta ita kaɗai ikon sauraron rigingimun aiki, har da na wariya a wurin aiki. Tana da rassa a Ikko da Badun da Inugu da Fatakwal da Kalaba da sauran manyan garuruwa. Ƙofa dai a buɗe take. Abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba shi ne, a kan magana ɗaya sau ɗaya ake shiga wannan ƙofa.

BAKIN ALƘALAMI YA BUSHE

Lauyoyi suna kiran wannan ƙa'ida da Latinanci res judikata, ma'anarta kuwa abin da aka riga aka yanke. A taƙaice, idan kotun da ke da hurumi ta saurari ƙara tsakanin mutum biyu ta yanke hukunci na ƙarshe, to, babu ɗaya daga cikinsu da zai sāke shigar da wannan magana a matsayin sabuwar ƙara, ko a kotun ko a wata. Sashe na 173 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce hukuncin kotu hujja ce yankakkiya a tsakanin masu shari'ar da magadansu game da abin da aka yi jayayya a kansa aka yanke.

Kotunan Nijeriya sukan duba abubuwa biyar kafin su rufe wa mutum ƙofa. Sai masu shari'ar sun zama su ne na farko ko waɗanda suka tsaya a madadinsu; sai abin da ake rigima a kansa ya zama shi ne na farko; sai tambayar da ake son alƙali ya amsa ta zama ita ce ta farko; sai hukuncin farko ya zama na ƙarshe ne a wannan kotu; kuma sai kotun da ta yanke shi ta zama tana da hurumin yankewa. In ɗaya ya faɗi, ƙa'idar ba ta hau ba. Kotun Ƙoli, a shari'ar Fadiora da Gbadebo ta 1978, ta bayyana cewa abin kashi biyu ne. Akwai hana maimaita ƙarar dukanta, akwai kuma hana sāke jayayya a kan wata gaɓa guda da aka riga aka yanke ko da sabuwar ƙarar daban ce. Misali, in alƙali ya taɓa yanke cewa kai ba ma'aikacin kamfanin ba ne, ɗan kwangila ne ya kawo ka, to, ba ka da ikon zuwa gobe cikin wata ƙara da kamfanin ka ce kai ma'aikacinsa ne, sai fa in ka ɗaukaka ƙara an rushe wancan hukunci.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya taɓa zama kotun alƙali a gida. Kafin alƙali ya yanke hukunci yakan yi i'izari, watau ya tambayi mutum ko yana da sauran magana ko wata hujja. In ya ce babu, ko aka ɗiba masa lokaci ya kāsa kawowa, alƙali ya rubuta gazawarsa, to, ba a sāke karɓar hujjarsa daga baya, ban da a 'yan mas'aloli kaɗan irin su saki da nasaba da jini. Malaman da ke nan sun fi ni sanin wannan babi a cikin Tuhfa. Hikimar ɗaya ce: dole rigima ta sami ranar ƙarewa, kuma ba daidai ba ne a riƙa jan mutum gaban alƙali a kan magana ɗaya har iyakar ransa.

Amma akwai wani reshe na ƙa'idar wanda ya fi cin mutane, shi ne nake so ku riƙe da kyau. A 1843, a Ingila, alƙali Sir James Wigram ya yanke wata shari'ar dukiya tsakanin dangi, wadda aka sani da sunan Henderson da Henderson. Ya ce wajibi ne mai ƙara ya kawo dukan maganarsa a lokaci guda. Ƙofar da za a rufe ba ta tsaya ga abin da ya faɗa aka yanke ba, ta haɗa har da abin da ya kamata ya faɗa a wannan zama amma ya yi shiru, ko da sakaci ne ko mantuwa. Da yake Nijeriya ta gāji dokokin Ingila na gama-gari, kotunanmu ma suna aiki da wannan.

MATAR DA TA CI SHARI'A TA YI HASARA

Bari in kai ku Amurka, inda aka daɗe ana irin wannan shari'a, ku ga yadda ƙa'idar ke aiki a kan mutum mai rai. A 1990 suka kafa dokar kare naƙasassu, wadda ta hau kan duk mai ma'aikata 15 ko fiye. Amma dokar ta ce ba za ka tafi kotu kai tsaye ba. Sai ka fara kai kuka ga hukumar daidaita damar aiki ta tarayya cikin kwana 180, ko 300 a wasu jihohi, ka jira ta ba ka takardar izni, sa'an nan kana da kwana 90 ka shigar da ƙara. A 1993 kuma suka kafa wata doka daban, wadda ta ba ma'aikaci hutun jinya har mako 12 ba tare da ya rasa aikinsa ba. Ita wannan ba ta bukatar takardar izni.

A Jihar Pensilbaniya akwai wata mata da ke aiki da kamfanin Star Enterprises. Ciwon daji ya kama ta a baki, ta nemi a sassauta mata aiki, daga baya aka sallame ta. Ta kai kuka ga hukuma a kan wariya, tana cikin jiran takarda sai ta shigar da ƙara a kan dokar hutun jinya. Aka yi shari'a, ta ci, aka yanke mata kuɗi. To, amma dokar hutun jinya ba ta biyan diyyar ɓacin rai da wulaƙanci, ba ta kuma ɗora wa kamfani diyyar horo, alhali kuwa dokar naƙasassu tana ba da duka biyu. Saboda haka ta koma kotu da ƙara ta biyu a kan dokar naƙasassu. Kotu ta kori ƙarar, ta ɗaukaka, a 1999 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke zama a Filadelfiya ta tabbatar da korar. Ana kiran shari'ar Churchill da Star Enterprises.

Hujjar alƙalan ita ce, ko da yake dokokin biyu ne, abin da ya faru ɗaya ne: kora ɗaya, shaidu ɗaya, takardu ɗaya. Lauyoyinta suka ce ai ba ta da ikon haɗa su, tun da takardar izni ba ta fito ba. Alƙalai suka amsa cewa tana da hanya. Da ta roƙi kotu ta dakatar da ƙarar farko har takardar ta fito, ko ta matsa wa hukuma ta gaggauta ba ta, da ta haɗa duka a zama ɗaya. Ku lura, jama'a, ba wanda ya ce ba a nuna mata wariya ba. Ba a ma kai ga wannan tambaya ba, kuma har abada ba za a kai ba.

Yanzu mu dawo gida mu ɗauki misali. A ce inji ya cinye hannun wani ɗan'uwanmu a wata masana'anta, ya yi wata 4 yana jinya, ya dawo aka ce babu aiki. Yana bin albashin wata 4, yana bin kuɗin sallama, yana kuma da haƙƙin diyya saboda an kore shi ne don naƙasa, alhali akwai aikin da zai iya da hannu ɗaya. Yunwa ta matsa, sai ya ce wa lauya a fara karɓo albashin tukuna, sauran a bi daga baya. Aka ci shari'a, aka biya shi. Bayan shekara ya dawo da maganar wariya. Abin da lauyan kamfani zai fara ɗagawa shi ne takardar hukuncin farko, ya ce kora ɗaya ce, an riga an yi shari'a a kanta. Mai yiwuwa ne ƙwarai alƙali ya bi bayansa. Ɗan'uwanmu ya karɓi ƙaramin ya bar babban.

SULHU MA HUKUNCI NE

Da yawanmu mun fi son sulhu da shari'a, kuma sulhu alheri ne. Kotun Ma'aikata kanta ta buɗe cibiyar sulhu a 2015. Amma ku sani, in aka rubuta sulhu aka kai gaban alƙali ya amince da shi, ya zama hukuncin kotu, kuma tsarin mulki ya ce ba a ɗaukaka ƙara a kan hukuncin da aka yi da yardar ɓangarorin biyu sai da izni. Ko wanda aka yi a ofishin kamfani, in ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar da ta ce ka yafe duk wata da'awa, zai yi wuya ka warware.

A Ingila an yi wani injiniyan jirgin ruwa, Musulmi ɗan asalin Somaliya, wanda ya yi ƙarar kamfanin Klyne Tugs a kotun ma'aikata saboda cin mutuncin launin fata. Aka sasanta a kan fam 4,000, ya sa hannu cewa wannan ya rufe duk wata da'awa da ke cikin hurumin wannan kotu. Daga baya ya shigar da sabuwar ƙara a wata kotun yana neman diyyar taɓin hankalin da ya ce wulaƙancin ya jawo masa. A 1999 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce a'a, domin kotun farko tana da ikon biyan wannan diyya, can ya kamata ya nema. Saboda haka kada kowa ya sa hannu a takardar da ba a karanta masa da harshen da yake ji ba. Makaho ya tafi da wanda ya amince da shi, kurma ya nemi mai fassara, kuma a karɓi kwafe a ajiye.

INDA ƘOFA BA TA RUFE BA

Kada wannan ya karya muku gwiwa, gama ƙa'idar tana da iyaka, kuma masu kamfani sukan tsorata jahili da ita a inda ba ta hau ba.

Na farko, sabon laifi sabuwar ƙara ce. Kotun Ƙolin Amurka ta faɗi haka tun 1955 a shari'ar Lawlor, ta kuma nanata a 2020 a shari'ar kamfanin Lucky Brand, cewa hukuncin jiya ba ya kashe haƙƙin da bai wanzu ba sai yau. Hankali ma ya ba da haka. In ka yi ƙara aka mayar da kai aiki, sa'an nan bayan shekara biyu aka hana ka ƙarin girma saboda ƙafarka, ko aka shiga tsangwamarka don ramuwar ƙarar da ka yi, wannan wani abu ne daban, kana da ikon komawa kotu ko sau nawa aka sāke. Sai dai ka tabbata sabon abu ne ya faru. Raɗaɗin tsohuwar kora da har yanzu kake ji bai zama sabon laifi ba.

Na biyu, akwai bambanci tsakanin soke ƙara da korar ƙara. A nan mu 'yan jarida muna da laifi, domin duka biyun mukan rubuta cewa kotu ta yi watsi da ƙara. In alƙali ya cire ƙararka daga jerin shari'unsa don ba ka zo ba, ko takardunka ba su cika ba, ko kotun ba ta da hurumi, wannan sokewa ce, galibi kana iya gyarawa ka dawo muddin lokaci bai ƙure ba. In kuwa ya saurari hujjoji ya ce ba ka da gaskiya, wannan kora ce, bakin alƙalami ya bushe. Haka kuma mai janye ƙararsa ya yi hattara, domin in shari'a ta yi nisa kafin ya janye, alƙali na iya rubuta kora a maimakon sokewa. Duk ranar da aka tashi daga kotu, ka tambayi lauyanka wanne aka rubuta, ka kuma nemi kwafen umurnin daga rajistara.

Na uku, hukuncin da aka samu ta hanyar zamba ana iya rushe shi. In ta bayyana cewa kamfani ya ƙirƙiri takardar ƙarya ya ci shari'a da ita, ana iya shigar da ƙara a warware hukuncin. Kotun Ƙolin Ingila ta ƙarfafa wannan a 2019 a shari'ar Takhar, dokarmu ma ta san da shi. Amma zamba sai da hujja mai ƙarfi, zargi kawai ba ya isa.

Na huɗu, shari'ar laifi daban, ta diyya daban. Dokar 2018 ta faɗa a fili cewa ko an hukunta wanda ya nuna maka wariya ko an sallame shi, kana da ikon shigar da taka ƙarar ta neman haƙƙi.

Na biyar, hukunci yana ɗaure waɗanda aka yi shari'ar da su ne kawai. In abokin aikinka kurma ya yi ƙara ya fāɗi, faɗuwarsa ba ta hana ka kai taka ba.

Ko a Ingila ma an sassauta. A shekara ta 2000, a shari'ar Johnson da Gore Wood, Lord Bingham ya ce don kawai mutum yana iya kawo magana a ƙarar farko bai kawo ba, wannan kaɗai bai isa a kore shi ba. Sai alƙali ya auna dukan al'amarin ya ga ko lalle wasa yake da kotu. Hukuncin waje ba ya ɗaure alƙalin Nijeriya, amma lauya na iya kafa hujja da shi. Duk da haka ba na ba kowa shawara ya dogara ga sassaucin alƙali, domin shari'a mace ce da ciki.

HANYAR WANDA BAI GAMSU BA

Wanda aka kayar, hanyarsa ita ce ɗaukaka ƙara. A 2017, a shari'ar bankin Skye da Iwu, Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa ana iya ɗaukaka hukuncin Kotun Ma'aikata zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, kai tsaye in maganar ta shafi 'yancin ɗan Adam ko laifi, da izni kuma a sauran al'amura. A rigimar aiki daga nan shari'a ta ƙare, ba a wucewa Kotun Ƙoli. Wannan ba ya nufin alƙalai ba su kuskure. Marigayi Mai Shari'a Chukwudifu Oputa ya amsa a 1989 cewa su ma 'yan Adam ne, suna iya kuskure, sai dai dole a sami inda magana za ta tsaya.

Wanda ya ƙi wannan hanya ya shiga zagaya kotuna da magana ɗaya, yau Ikoyi gobe Ikeja, kansa yake cuta. Kotun Ƙoli a shari'ar Saraki da Kotoye ta 1992 ta bayyana cewa tara ƙararraki a kan abu ɗaya tsakanin mutane ɗaya wasa ne da kotu, sakamakonsa kuwa kora, sau da yawa har da biyan kuɗin ɗawainiyar abokin shari'a. A Ingila abin ya wuce nan: dokar kotunan ma'aikata ta 1996 ta ba Babban Lauyan Gwamnati ikon neman a hana mai yawan ƙarar banza shigar da wata ƙara sai da izni. Na san abin da ke sa mutum yin haka. Wanda aka raba da abincinsa saboda ido ko ƙafa, zuciyarsa ba ta karɓar cewa magana ta ƙare. Amma ƙara ta uku da ta huɗu a kan tsohuwar kora ba su ƙara masa kome sai bashin lauya da kuɗin mota.

Sai kuma maganar lokaci, wanda shi ma yana rufe ƙofa ko ba a taɓa yin shari'a ba. A Jihar Ikko ƙarar da ta shafi yarjejeniya tana mutuwa bayan shekara 6. Ma'aikacin gwamnati kuwa akwai dokar kare jami'an hukuma mai wa'adin wata 3; hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli sun sha bamban a kan ko ta hau kan rigimar aiki, saboda haka mai hankali ya shigar da tasa kafin wata 3 su cika. Wanda ya ji rauni a bakin aiki, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ba shi shekara 1 ya nemi diyya a hukumar NSITF, kuma ya shaida wa lauyansa wannan tun ranar farko don a san yadda za a tsara neman diyyar da ƙarar.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Ra'ayina shi ne, ƙa'idar nan tushenta adalci ne, har mu ma tana kare mu, domin ita ce ke hana kamfanin da ka kayar ya sāke jan ka kotu har ka gaji ka bar masa. Amma nauyinta bai hau kan kowa daidai ba. Kamfani yana da lauyoyin da yake biya duk wata. Gurgun da aka kora kuwa bai san yana da haƙƙi uku ba, ɗaya ya sani, shi ya faɗa, sauran biyun suka mutu a bakinsa. Ga shi kuma Naira 500,000 da doka ta yanka, in aka auna da mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka tsayar a 2024, albashin wata 7 ne da 'yan kai. Wanda zai shiga shari'a sau ɗaya tak, lalle ne ya nemi duk abin da doka ta ba shi, kada ya tsaya ga mafi ƙaranci.

Saboda haka ina roƙon duk wanda abin ya sāma, kafin ya taka kotu ya zauna da mai rubutu su jera kome: ranar da aka ɗauke shi, ranar da lalura ta same shi, sauƙin da ya nema da wanda ya ƙi ba shi, kalmomin da aka faɗa masa ranar kora da waɗanda suka ji, da kuɗin da yake bi. Ya ajiye katin aiki da takardar albashi da ta likita. Ya faɗa wa lauya duka, har abin da yake jin kunyarsa, ya kuma tambaye shi a fili ko akwai wani haƙƙi da aka bari a baya. In wani sabon abu ya faru ana cikin shari'a, ya sanar da lauya nan da nan don a nemi iznin ƙara shi cikin takardu. In ya taɓa kai maganar wata kotu ko ya taɓa karɓar wani kuɗi, kada ya ɓoye, gama lauyan kamfani ba zai ɓoye ba. Marar kuɗin lauya ya nufi Hukumar Ba Da Taimakon Lauya, wadda aka kafa tun 1976, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, ko Hukumar Naƙasassu ta Ƙasa da ta fara aiki a 2020.

Ku kuma iyayenmu sarakuna da shugabannin ƙungiyoyi, a wurinku ake fara kawo kuka, sau da yawa ku ake kira ku shaida sulhu. Ina roƙonku da girman Allah, kada a sa hannu a gabanku sai an kawo wanda ya san doka ya karanta takardar. Cikin 'ya'yanmu da ke Agege da Idi-Araba da Sabo ta Badun akwai lauyoyi. A nemi sunayensu a ajiye a fada, a roƙe su su ba da ko da yini ɗaya a wata don duba takardun marasa ƙarfi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Shugaban taro, na ci lokaci, a gafarce ni. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya tsare mana gaɓoɓinmu a wuraren neman abinci, ya mayar da mu gida lafiya.